Uwar da Takarda Ba Ta Sani Ba

Duk wanda ya sayi randa a Jiratawa shekaru talatin da suka wuce, idan randar tana sanyaya ruwa kuma ba ta yoyo, to ginin Kyauta ce. Idan ta yi yoyo, ta maƙwabta ce. Haka Kyauta take faɗa, kuma har yau ba a haifi mai bakin da zai musa mata ba.

'Yar Nomau ce, manomin gero na bakin gulbi, mutumin da har ya koma ga Allah bai fasa yanka wa iskokin gidansu jan zakara ba, masu wa'azi kuwa kullum cewa yake su dawo bayan girbi. Ita dai ta kama salla tun da ta auri Tanko na Tibiri, wani dogo mai tufkar igiya, wanda idan ya ce "to" da safe ya gama hirar ranar ke nan. Auren ya zauna lafiya, don maganar da ke bakin Kyauta ta ishi mutum biyu har da ragowa.

Haihuwarta ta fari namiji ne, aka sa masa Ilyasu. To ku 'yan yanzu, masu rungumar ɗan fari a tsakiyar titi ana ɗaukar ku hoto, ba lalle ku gane ba. A lokacin su Kyauta ɗan fari abin jin kunya ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa gaban mutane, idan ya faɗi ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Kyauta ta riƙe wannan al'ada kamar ita ta ƙago ta. "Wancan" take ce masa. Ranar yaye, yayarta Rabi, wadda ta shekara goma da aure a Sabon Gari na Maraɗi ba ko ɓari, ta zo da sabon zane ta goya yaron ta hau mota. Ba wanda ya ce na kwana nawa ne. Kyauta tana cuɗa yumɓu, ko ɗaga kai ba ta yi ba, mata suka yi ta yabo, suna cewa ga mai kunya. Nononta ya yi sati biyu yana jiƙa mata zane, wannan kam ba wanda ya yaba.

Ta sake haihuwa uku bayansa. Ƙyanda ta ɗauki biyu a damina ɗaya, na ukun bai kai suna ba. Tanko ma ya tafi yadda ya zauna, shiru, da rabin igiya a hannu.

Ilyasu ya tashi yana ce wa Rabi "Inna", Inna zalla ba ƙari, Kyauta kuwa "Inna Kyauta", kamar dai kowane ɗan unguwa. Ba ɓoye masa aka yi ba. Ya san wadda ta haife shi, duk dangi sun sani. Da za a sa shi lakwal, wato makarantar boko, aka ce sai da takardar haihuwa, Gado mijin Rabi ya ja shaidu biyu suka je aka yi. Magatakarda ya tambayi sunan uba da na uwa, Gado ya ce Gado, ya ce Rabi. Ba wanda ya ji ya yi ƙarya a cikinsu, har shaidun, waɗanda dattawan masallaci ne. Wa ke ciyar da yaron? Wa ke kwana zaune idan ya yi zazzaɓi? To ita ce uwa. Ita Kyauta ma da an tambaye ta da ta rufe fuska ta ce a rubuta Rabi. Takarda ai ta shiga lakwal ce kawai, wa ya san za ta rayu ta fi waɗanda suka yi ta?

Yaro ya yi karatu, ya iya aikin kuran, wato wutar lantarki, ya samu hanya ya tafi Turai, wata ƙasa da sunanta ya ƙi zama a bakin Kyauta, sai dai ta ce "can". Ya yi shekarun ɓuya, ya yi shekarun takardar zama ta shekara guda-guda, wadda kafin ka gama murnar samunta lokacin sabuntawa ya yi. Gado ya rasu bai zo ba. Rabi ta rasu bai zo ba, don an ce idan ya fita a lokacin, layinsa na samun takarda ya wuce. Ya yi kukansa ta waya, Kyauta ce ta riƙe wayar, ta miƙa wa wata ta ce, "Ungo, ba shi haƙuri, uwarshi ta rasu."

Daga baya da ya samu takarda mai tsawon rai, ya gina gida a unguwar Zariya ta Maraɗi, ya ce a ɗauko Inna Kyauta daga Jiratawa, ta huta da yumɓu. Gida kam gida ne. Ɗaki huɗu, ƙofar ƙarfe, daɓen tayil mai santsi da ya kayar da ita sau biyu a satin farko, har ta yi fushi ta mayar da murhunta tsakar gida. Maƙwabta duk ma'aikata ne, da safe mota ta fita a rufe ƙofa, da yamma mota ta shiga a rufe ƙofa. Matar da ta saba yi wa mata ashirin ba'a kafin hantsi sai ga ta da kaji huɗu, su ma ba su iya ramawa. Takan fito da tabarma bakin ƙofa ta zauna tana kallon 'yan kabu-kabu suna wucewa, ko wani zai yi tuƙin banza ta samu wanda za ta zaga. Ɗakuna uku kuwa tana share su duk Juma'a, ta buɗe taga iska ta shiga, ta sake rufewa.

Ran Lahadi bayan la'asar waya take kuka, fuskar Ilyasu ta fito a gilashi, da gemu, da 'yar furfura da ba ta san lokacin da ta zo ba. Sai ta karkatar da kai gefe, don ba a ƙura wa ɗan fari ido. Shekara shida Ilyasu yana hira da kunnen uwarsa.

"Inna Kyauta, ina wuni?"

"Lahiya lau. Ya mutanen gidan?"

"Lahiya. An yi ruwa?"

"An taɓa."

Idan aka kashe wayar sai ta daɗe tana riƙe da ita a tafin hannu, har ɗuminta ya huce.

Bara ne da bazara ya ce mata matarsa Tahira, wata 'yar Damagaram da ya aura a can, tana da ciki, kuma ba su da kowa. Shi ba ya iya zuwa, ya shigar da takardun zama ɗan ƙasa yana jiran amsa. Ko za ta zo ta yi wata uku, ta yi wa yarinyar wankan jego?

"In an ce in taho, ai sai in taho," in ji Kyauta, kamar wadda aka ɗora wa dutse.

Ba a yi magariba ba tana kasuwa. Kanwa, citta, kanumfari, masoro, garin kunu, busasshiyar kuɓewa. Washegari ta hau mota zuwa Jiratawa, ta karɓi yumɓu a hannun tsofaffin ƙawayenta, ta gina ɗan kasko na turare, ƙarami, wanda zai shiga jaka. Suka ce, "Kyauta, ina za a?" Ta ce, "Wata yarinya ce za ta haihu, ba ta da kowa." Suka dubi juna suka yi dariya, ba wadda ta tona ta.

Wajen yin fasfo aka fara wasan. Aka ce ta ɗora yatsa a kan wani ɗan gilashi mai koren haske. Ta ɗora, shiru. Ta sake, shiru.

"Hajiya, na'ura ba ta ganin zanen yatsunki," in ji ma'aikacin.

"Ina za ta gan shi? Yana jikin randunan Maraɗi. Bi gida-gida ka kwaso."

Sai da aka shafa mata man kaɗe, aka murza, aka danna da ƙarfi, sannan na'urar ta yarda cewa mutum ce.

Biza kuwa sai da dosiye, wato tarin takardun nema, dosiye kuwa a Sabon Gari sai Abdulrazak. Wani mai tumbi ne da tabarau, yana da shagon fotokopi, shi ke cika wa mutane takardun tafiya. Bai taɓa wuce Doso ba, amma idan yana kwatanta titunan Turai sai ka rantse can aka yanke masa cibiya. Ilyasu ya turo masa komai ta waya, ya buga ya jera a tebur: takardar gayyata, ta wurin kwana, ta aiki, ta zama.

"To Hajiya, sunan ɗan naki?"

"Yana cikin takardar. Ba karatu anka ce ka yi ba?"

"Ni na sani. Can ne za su tambaye ki."

"Su ma su karanta. Ko duk jahilai ne har Turawan?"

Abdulrazak yana dariya yana juya takardu, sai dariyar ta tsaya. Ya ɗaga tabarau goshi, ya sauke, ya kusanto da wata tsohuwar takarda hancinsa.

"Hajiya, wace ce Rabi?"

"Yayata ce. Allah shi jiƙanta."

"Nan an rubuta ita ce uwarshi."

"To ai ita ce."

"Ke kuma fa?"

Kyauta ta dubi ƙofar shago, ta gyara mayafi. "Ni dai na haihu."

"Kai! Ke kika haife shi, ko ita?"

"Kai wane irin marar kunya ne? Da tumbinka da komi kake tambayar tsohuwa wa ta haihwa? Tambayi duk Jiratawa. Tambayi Tibiri."

"Hajiya, Bature bai san Jiratawa ba. Takarda ya sani. A takarda ke ba kowa ba ce a wurin mutumen ga."

Ya ce ana iya gyarawa. A je gaban alƙali da shaidu, a soke tsohuwar takarda a yi sabuwa da sunanta. Kyauta ta ce shaidu kam ko mota biyu ake so za ta ciko. Nan take Abdulrazak ya kira Ilyasu ya buɗe muryar wayar don ita ma ta ji, ya zayyana masa.

"Kada a taɓa takardar nan," in ji Ilyasu. "Don Allah kada a taɓa. Shekara goma sha huɗu duk abin da na sa wa hannu a nan, Rabi ce a ciki. Yanzu dosiyena yana gabansu. In suka ga uwa ta canza, cewa za su yi ƙarya na yi tun farko. Ba ɗan ƙasa kawai ba, har ta zaman suna iya karɓewa." Ya numfasa. "Inna Kyauta, kina ji na?"

"Kunnena ai ka saba da shi."

"Abin da za a yi, a rubuta ke ƙanwar mahaifiyata ce. In sun tambaye ki, haka za ki ce. Ki yi haƙuri."

"Haƙurin mi? Shekara arba'in ina hwaɗin haka ba wanda ya sa ni. Yau don an sa ni zai gagare ni?"

Abdulrazak ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ita ma ta yi. Da ta fito ba ta tsayar da ɗan kabu-kabu ba, da ƙafa ta taka daga Sabon Gari har Zariya cikin ranar nan, ba ta zagi kowa a hanya ba.

Ranar da aka ba ta don neman biza a Yamai ta zo. Ta wuni a kar, babbar motar fasinja, ƙafafu suka kumbura, ta sauka gidan wata jikar ƙawarta. Da safe aka kai ta wani gini mai sanyi kamar cikin randa, aka karɓe mata waya a ƙofa, aka ba ta lamba. Da aka kira ta sai ta tarar da wata yarinya a bayan gilashi, 'yar ƙasa ce, da Hausarta tas, mai ladabi kuwa, har da "Inna, sannu da hanya". Ta karɓi dosiye tana dubawa tana tambaya.

"Wanda ya gayyace ki, mene ne shi a wurinki?"

"Ɗan yayata ne." Ya fito sumul, ko tuntuɓe babu.

"Mahaifiyarsa tana ina?"

Wannan Abdulrazak bai koya mata ba. Kyauta ta dubi hannayenta a kan katakon, hannayen da na'ura ta ce ba su da zane. Bayanta mutane sun yi layi, wani yana tari. Ta ji maganar gaskiya ta taso mata har maƙogwaro, a karo na farko tun ranar da Rabi ta zo da sabon zane, kuma a gaban baƙuwar yarinyar da ba ta san Jiratawa ba, inda ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Nan ne kaɗai wurin da za ta iya faɗa. Nan ne kuma wurin da idan ta faɗa za ta rushe masa shekara goma sha huɗu.

"Ta rasu," in ji Kyauta.

"Allah ya jiƙanta."

"Amin."

"Ke kina da 'ya'ya a nan?"

"Babu."

"Maigida?"

"Ya rasu."

"Gidan da kike ciki naki ne?"

"Na yaron ne."

"Sana'a fa, Inna?"

"Da dai."

Yarinyar tana rubutawa, kowace amsa ba ta cika rabin layi ba. Ta ce an gama, a jira sati uku. Kyauta ta ce, "Shi ke nan? Na taho tun daga Maraɗi don wanga?" Yarinyar ta yi murmushi ta kira lamba ta gaba.

Sati ukun nan ta yi su tana kwance jaka tana ɗaurewa. Ta naɗe kaskon a cikin zane biyu don kada ya fashe a jirgi. Ta roƙi matar maƙwabci ta riƙa watsa wa kaji tsaba, wanda shi ne dalilin da ya sa suka san sunan juna bayan shekara shida.

Ambulan ya zo shagon Abdulrazak ran wata Talata. Ya buɗe fasfo ya bi shafi-shafi, fari fat, sai wata takarda guda a tsakiya mai akwatuna, an sa alama a ɗaya. Ya karanta a zuci, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Karanta mini, kada ka tauna."

"Sun ce ba su gamsu za ki dawo ba. Wai ba su ga abin da ya riƙe ki a ƙasar nan ba. Ba miji, ba ɗiya, ba gida, ba aiki."

"Kaji huɗu gare ni. Ba ka rubuta ba?"

"Hajiya..."

"Kai ne da laihi. Da ka rubuta kajin da sun ba ni."

Bai yi dariya ba. Ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, ana iya sake nema baɗi, a ƙara takardu. Ta ce wace takarda, ta wa? Ta karɓi fasfonta ta cusa a lalita, ta ce masa ya rage cin tuwo da rana.

A gida ta kwance jakar a tsakar gida. Kanwa da kayan yaji ta aika wa wata mai jego a layin baya, wadda ko sunanta ba ta sani ba. Da Ilyasu ya kira ya yi ta magana, fiye da duk abin da ya faɗa a shekara shida, yana cewa da zarar an ba shi ɗan ƙasa zai zo da kansa, da matar da abin da aka haifa, wataƙila shekara ɗaya, wataƙila biyu. Ta ce Allah ya sa da rai. Ta ce an yi ruwa jiya, mai yawa, har gulbi ya kawo.

Tahira ta sauka lafiya cikin kaka, mace. Wankan jego wata 'yar Mali ce maƙwabciyarsu ta kwatanta mata, da ruwan famfo. Ranar suna, da hantsi, Ilyasu ya kira da hoto. Ɗan ɗaki ne, maza biyar a kan kafet, da dabino a faranti. Kyauta ta zauna a kan tabarmarta, ta sa sabon zanen da ta ɗinka don tafiya, ita kaɗai a gida mai ɗaki huɗu.

"Inna Kyauta, an raɗa suna. Rabi aka sa mata."

"Madalla," in ji Kyauta. "Ka kyauta. Ta cancanta."

Kuma da gaske take. Wa zai ce bai kyauta ba? Matar da ta goya shi, ta kai shi lakwal, ta mutu ba ta gan shi ba.

Ya kawo jaririyar kusa da gilashi. Jika ba ɗan fari ba ce, ba kunya a tsakani, don haka Kyauta ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, ta kawo wayar har hancinta. Ga 'yar jajir, ido a rufe, hannu a dunƙule, ta lafe a ƙirjin ubanta kamar nan aka halicce ta. Sunan yaya kuma ba a kiransa gatsau, ko a kan jaririya ne.

"Sannu, Yaya," in ji ta. "Kin sake riga ni."

Mazan ɗakin suka kwashe da dariya, suna cewa tsohuwar nan akwai ban dariya. Ilyasu bai yi ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani ya kira shi a kawo shayi, ya ce zai sake kira ran Lahadi.